BABI NA UKU: TAKWARORIN SUNAYEN WURARE A ƘASAR HAUSA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan garuruwa da unguwanni da koguna da makarantu waɗanda suka yi tarayya a suna ɗaya. Za a duba hanyoyin da ake samun irin wannan tarayya, da dabarun da Hausawa suke bi wajen bambance wuri da takwaransa, sannan a kawo matsalolin da al'amarin ke haifarwa. Manufar babin ita ce a nuna cewa haɗuwar suna ba kullum take nufin haɗuwar asali ba.

3.1 Ma'anar Takwara

Takwara a Hausa shi ne wanda mutum ya haɗa suna da shi. Yadda ake samun takwara a tsakanin mutane, haka ake samu a tsakanin wurare. Alal misali, akwai Gaya a Jihar Kano, akwai kuma Gaya a yankin Doso na Jamhuriyar Nijar, a bakin Kogin Kwara. Akwai Illela ta Jihar Sakkwato wadda ke kan iyaka, akwai kuma Illela ta yankin Tawa. Saboda haka a wannan nazari, takwarorin wurare na nufin wurare biyu ko fiye da ake kira da suna ɗaya, ko da kuwa nau'insu ya bambanta, kamar gari da kogi.

3.2 Hanyoyin Samuwar Takwarorin Wurare

3.2.1 Yanayin Ƙasa

Bahaushe yakan raɗa wa mazauninsa suna daga abin da ya tarar a wurin, kamar dutse ko tudu ko wata babbar bishiya. Da yake waɗannan abubuwa suna ko'ina, dole ne sunayen su riƙa maimaituwa. Akwai Dutse, hedikwatar Jihar Jigawa, da Dutsin-Ma a Jihar Katsina, da Dutsen Wai a Jihar Kaduna, da Dutsen Alhaji a Abuja. Haka kuma akwai Rimi a Jihar Katsina, da Rimi ta ƙasar Sumaila a Jihar Kano, da Rimin Gado, da Unguwar Rimi a Kaduna. Abin da ya haɗa waɗannan wurare shi ne harshe ɗaya da yanayin ƙasa iri ɗaya. Sunan kaɗai bai isa hujjar cewa mutanen wannan sun fito daga wancan ba.

3.2.2 Ƙaura

A wannan rukuni kuwa akwai dangantaka ta tarihi, domin masu ƙaura sukan tafi da sunan ƙasarsu ko sarautarsu. Jihadin da aka fara a 1804 ya sa gidajen sarauta da dama sun bar biranensu. Sarakunan Haɓe na Katsina sun koma Maraɗi, inda har yanzu ake kiran mai sarautar Sarkin Katsinan Maraɗi. Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar Zariya ya nufi kudu, kuma ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828. Wannan ne ya sa ake da Sarkin Zazzau a Zariya, ake kuma da Sarkin Zazzau a Suleja. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya isa Sudan da jama'arsa, garin da suka zauna a bakin kogi kusa da Sinnar ya ci sunan Mai Wurno, mai tunatarwa da Wurno ta ƙasar Sakkwato.

Sai dai ko a nan ma ana buƙatar lura. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, gidan sarautar Gobirawa ya ci gaba da riƙe sarautar Sarkin Gobir a Tsibiri da Sabon Birni. Amma ana kiran masu sarautar Isa da Gwadabawa da Sarkin Gobir, alhali kuwa su zuriyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne. Wato ke nan sarauta ɗaya ce a baki, amma gidaje biyu ne mabambanta.

3.2.3 Fatauci da Mulkin Mallaka

Zango shi ne masaukin ayari. Inda fatake suka daɗe suna yada zango, wurin yakan zama gari ko unguwa, sunan kuma ya zauna. Daga nan aka sami Zangon Daura da Zangon Katab, da unguwar Zango a Damagaram. Fataucin goro zuwa Gwanja ya kai sunan har ƙasar Gana, inda ake kiran unguwannin baƙi Musulmi da Zango, kamar na Kumasi da Sabon Zango na Ankara.

Zuwan Turawa ya ƙara yawan irin waɗannan takwarori. Bayan hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, an keɓe wa baƙi 'yan kudu mazauni a wajen ganuwa, aka kira shi Sabon Gari. An yi haka a Zariya, inda aka kuma keɓe Tudun Wada domin baƙi 'yan Arewa waɗanda ba 'yan birni ba. Daga baya waɗannan sunaye suka bazu, har ya zama da wuya a sami babban gari a Arewa wanda ba shi da Sabon Gari ko Tudun Wada ko Nasarawa.

3.2.4 Koguna da Jihohi

Sau da yawa gari yakan haɗa suna da kogin da ya ratsa ta kusa da shi, kamar Kaduna da Sakkwato da Haɗeja. Da aka zo ƙirƙiro jihohi, sai aka riƙa ɗaukar sunayen koguna, kamar Binuwai da Gongola da Taraba da Yobe. Ta haka suna ɗaya yakan ɗauki abubuwa uku, misali Kaduna gari ce, kogi ne, kuma jiha ce. Zamfara kuwa tsohuwar daula ce, kogi ne, sannan jiha ce tun daga 1996.

Misali mafi jan hankali shi ne na kogin da Hausawa ke kira Kwara. Daga sunansa na Hausa aka sami Jihar Kwara a 1967. Daga sunan da Turawa ke kiransa kuma aka sami Jihar Neja a 1976 da Jamhuriyar Nijar. A rubutun Turawa sunayen nan biyu iri ɗaya ne, amma Bahaushe ya raba su a furuci: ya ɗauki lafazin Ingilishi ya ba jihar, ya ɗauki na Faransanci ya ba ƙasar.

3.2.5 Makarantu da Sauran Gine-gine

A nan hukuma ce ke raɗa suna, galibi domin tunawa da shugabanni. Sunan Ahmadu Bello yana kan jami'ar Zariya da aka buɗe a 1962, da filin wasa na Kaduna, da manyan tituna a Kaduna da Legas da Abuja. Sunan Malam Aminu Kano yana kan filin jirgin sama da asibitin koyarwa da kwalejin nazarin shari'a, dukkansu a Kano. Bugu da ƙari, akwai makarantu masu yawa da ake kira Kwalejin Gwamnati, kamar ta Keffi da ta Bida da ta Kaduna, waɗanda sai an ambaci gari ake gane wadda ake nufi.

3.3 Dabarun Bambancewa

Babbar dabarar ita ce amfani da ɗafin nasaba, wato -n ko -r, a liƙa sunan da wani abu da zai fayyace shi, kamar Sabon Garin Zariya, Sabon Birnin Gobir, Tudun Wadar Dankadai. Wani lokaci kuma akan yi amfani da na ko ta, a ce Gaya ta Nijar ko Nasarawa ta Kano. Da yake sunan gari tamata ne a Hausa, ana jin Tudun Wadar Zariya, ana kuma jin Tudun Wadan Zariya, domin kalmar tudu namiji ce.

Dabara ta biyu ita ce a gabatar da kalmar da ke nuna nau'in wurin, a ce Kogin Kaduna ko Jihar Kaduna ko garin Kaduna. Ta uku ita ce sauya suna gaba ɗaya. Da aka zaɓi sabon babban birnin tarayya a 1976 aka ba shi sunan Abuja, sai tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan sarkinsa na lokacin, Sulaimanu Barau.

3.4 Matsaloli

Matsala ta farko ta shafi harkokin yau da kullum. Wasiƙar da aka rubuta wa Tudun Wada kawai tana iya ɓata, haka ma matafiyin da bai fayyace wa direba ba. Ko a cikin ƙananan hukumomi 774 na Nijeriya akwai takwarori: Nasarawa tana Jihar Kano da Jihar Nasarawa, Bassa tana Filato da Kogi, Obi kuma tana Binuwai da Nasarawa.

Matsala ta biyu, wadda ta fi shafar mai nazari, ita ce ta rubuta tarihi. Abuja da aka ambata a takardun da suka gabaci 1976 Suleja ce ta yanzu. Wanda takardarsa ta nuna an haife shi a Jihar Kaduna a 1980 yana iya kasancewa mutumin Funtuwa ko Daura, domin sai a 1987 aka fitar da Jihar Katsina. Haka kuma ɗalibin da ke rubuta tarihin wani gari yana iya jingina asalinsa ga wani babban takwaransa ba tare da hujja ba. Irin wannan kuskure idan ya shiga rubuce, yakan zama abin dogaro a taƙaddamar sarauta ko ta iyaka.

3.5 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa takwarorin wurare suna samuwa ta hanyar yanayin ƙasa da ƙaura da fatauci da tsarin mulki da kuma tunawa da shugabanni. Daga cikin waɗannan, ƙaura ce ke nuna dangantakar asali, ita ma sai an tabbatar da ita daga tarihin baka da rubutattun bayanai. Don haka wajibi ne ga mai nazarin sunan wuri ya fara tantance wane wuri ake nufi, a wane zamani, kafin ya yanke hukunci.