Tamowa a Tasawa da Mayahi: Abin da ya sa ma'aikatan jinya ba sa gaggawar yi wa yaro ƙarin ruwa

Daga watan Yuli zuwa Oktoba, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare a rumbu, sabo bai nuna ba, sauro kuma ya yi yawa, ɗakunan kwantar da yara masu tamowa a asibitocin gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maraɗi kan cika maƙil. Yunwa da zazzaɓin cizon sauro da gudawa kan haɗu a jikin yaro guda.

Kowace daga cikin gundumomin biyu ta haura mutum dubu 500 tun a ƙidayar 2012, kuma wuya a samu gidan da ba shi da wani a ci-rani, ko a Kano, ko Agadas, ko Aljeriya, ko Libiya. Idan aka kwantar da yaro, su ake kira, su ke turo kuɗin mota da na abincin mai jinya. Tambayarsu ta farko kusan iri ɗaya ce: "An yi masa ƙarin ruwa kuwa?" Idan aka ce a'a, madara kawai ake ba shi a ɗan kofi, sai rai ya ɓaci, a fara zargin sakaci, wasu ma su ce a ɗauke yaron a kai shi inda za a ɗaura masa ruwa.

Alhali a ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙarin ruwa ta jijiya na daga cikin abubuwan da suka fi saurin hallaka yaro mai tamowa mai tsanani, idan aka yi shi ba inda ya dace ba.

Su wane ne ake kwantarwa?

A tsarin Nijar, ba kowane yaro mai tamowa ake kwantarwa ba. Wanda awon dantsensa ya gaza milimita 115, amma yana iya cin abinci kuma babu wata cuta da ta kama shi, ana kula da shi ne daga gida. Uwa kan je likitar kusa da ita, wato CSI, mako-mako, a auna yaron, a ba ta fakitin Plumpy'Nut, haɗin gyaɗa da madara da sukari da mai, wanda kowane fakiti mai giram 92 ke ɗauke da kalori 500. Wannan hanya ta yi suna ne a yunwar 2005, shekarar da ƙungiyar likitoci na gari na kowa, MSF, ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 a Nijar, akasarinsu a jihar Maraɗi.

Wanda ya ƙi cin abinci, ko jikinsa ya kumbura sosai, ko yake amai ba ƙaƙƙautawa, ko numfashinsa ya yi sauri, ko ya yi laushi ba ya ko kuka, shi ake turawa sashen farfaɗowa na asibitin gunduma, wanda kowa ya sani da CRENI. Ƙungiyar Save the Children ta daɗe tana tallafa wa wannan aiki a Tasawa, ita kuma Action contre la Faim a Mayahi. Ke nan duk yaron da ke kwance a wannan ɗaki, daga cikin mafiya rauni aka zaɓo shi.

Jikin da ya rage wuta

Idan yunwa ta daɗe a jikin yaro, jikin kan rage aikin komai don ya tsira, kamar uwargidan da ke janye itace daga murhu don kada ya ƙare. Zuciya kan yi rauni, bugunta ya ragu. Ƙoda ba ta iya fitar da ruwa da gishiri yadda ta saba. Hanta ba ta da sauran sukarin ajiya. Gishiri ya taru a ƙwayoyin jiki, sinadaran fotasiyam da maganiziyam kuma sun zube.

A irin wannan hali, ruwan da za a ɗura wa yaro mai ƙoshin lafiya ya miƙe, shi ne zai fi ƙarfin zuciyar mai tamowa, ya taru a huhu, numfashi ya gagara. Abin da ya ƙara wa lamarin wuya shi ne alamomin da ake gane bushewar jiki da su na yaudara a nan. Idanu su faɗa, fata ta ƙi komawa idan an ja ta, duk ana ganin su a jikin yaron da ya rame ko da ruwan jikinsa bai ragu ba. Ma'aikacin da bai samu horo a kan tamowa ba zai ga haka ya ɗauko roba da allura da kyakkyawar niyya.

Saboda haka ƙa'ida ta ce ta baki ake mayar da ruwan, da wani haɗi na musamman mai suna ReSoMal, wanda gishirinsa bai kai na ruwan gishiri da sukari da aka saba ba. Ana ba da shi kaɗan-kaɗan, mililita 5 ga kowane kilo na nauyin yaro duk rabin awa a awa biyun farko, ana ƙirga bugun zuciya da numfashi a kowane zagaye. Da zarar sun fara hawa, ko fatar ido ta fara kumbura, sai a tsaya. Ƙarin ruwa ta jijiya sai ga yaron da jininsa ya kasa zagayawa, hannuwa sun yi sanyi, hankali ya fara gushewa, shi ma da ma'aikaci tsaye a kansa yana dubawa duk minti biyar zuwa goma.

Haka abin yake ga wasu abubuwan da dangi ke ganin gata ne. Yaron da ya ɗashe ba a ba shi ƙwayar ƙarin jini a kwanakin farko, domin sinadarin ƙarfen da ke cikinta na iya ƙara wa ƙwayoyin cuta ƙarfi. Mai kumburi ba a ba shi maganin sa fitsari. Ita kanta madarar farko, F-75, da gangan aka tsinka ta, kalori 75 ne kacal a mililita 100, ba don yaro ya yi ƙiba aka yi ta ba, don jikinsa ya daidaita ne. Sai ya fara neman abinci da kansa, kumburi ya fara saɓewa, sannan a wuce zuwa F-100 ko fakitin gyaɗa. Kakar da ta ɓoye kunu ko tuwo a cikin zane ta ɗura wa jikanta a kwana na biyu, tausayi ne ya sa ta, amma tana iya jawo abin da ake gudu.

Dare ne ke da haɗari

Mafi yawan abin da ke ceton yaro a CRENI aikin ma'aikacin jinya ne, kuma mafi nauyinsa da dare yake faɗowa. Yaron da hantarsa ba ta da ajiya, idan ya yi awa huɗu ko biyar bai sha komai ba, sukarin jininsa na iya faɗuwa ya suma cikin barci ba tare da kowa ya lura ba. Shi ya sa ake ba da madara duk awa biyu ko uku, dare da rana. Dole wani ya tashi ƙarfe biyu na dare ya dama, ya auna wa kowane yaro gwargwadon nauyinsa, ya tashi uwar da ta wuni a gajiye, ya rubuta abin da aka sha da abin da aka amayar.

Sai sanyi. A ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, abin mamaki ne a ce sanyi na kashe yara, amma jikin da babu kitse ba ya riƙe ɗumi. Sanyin asubar damina bayan ruwan sama, ko jiƙaƙƙen zanen da ba a canza ba, sun isa su sauke zafin jikin yaro ƙasa da digiri 35, balle hunturu. Maganin ba shi da tsada: hula, bargo, rufe taga, a kwantar da yaron a ƙirjin uwarsa fata da fata, a ɗage wankan sassafe. Sai dai sai an auna ake sani. Kuma mai tamowa sau da yawa ba ya yin zazzaɓi ko da cuta ta shiga jininsa, sanyin jikin ne ma alamar.

Wanda ya kasa sha da kofi, ana zura masa siririyar roba ta hanci zuwa ciki. Iyaye mata da yawa na tsoronta, wasu na ɗaukar ta alamar an fid da rai. Haɗarinta na gaske shi ne ta goce ta nufi huhu, don haka ake tabbatar da inda take kafin kowane shayarwa.

Mai ɗan'uwa a kwance da ke son sanin ko ana kula da yaron, ya fi masa amfani ya tambayi sau nawa aka ba shi madara daren jiya, an auna zafin jikinsa da asuba, an ɗora shi a sikeli yau, kuma akwai ruwa da sabulu a bakin ƙofar ɗakin.

Cutar da ake ɗauka a gado

Batun sabulun ba ƙarami ba ne. Wani bincike da aka gudanar a cibiyar farfaɗo da yara masu tamowa a birnin Maraɗi, aka wallafa a 2011 a mujallar Clinical Infectious Diseases, ya bi yara 55. Kashi 31 cikin 100 sun zo da ƙwayoyin cutar hanji masu bijire wa manyan magunguna tun daga gida. Daga cikin 16 da suka shigo babu su aka kuma sake gwada su lokacin sallama, 15 sun kwasa a asibitin. Yaran da aka bi ba su da yawa, amma sakamakon ya nuna abin da cunkoso ke haifarwa: yara biyu a gado ɗaya, kofin da aka ɗauraye sama-sama, hannun da ya taɓa wannan ya taɓa wancan.

Darasin Afirka ta Kudu

Cewa kulawa ce ke raba rai da mutuwa a irin wannan ɗaki, an daɗe da tabbatar da shi. A 1996, masu bincike Claire Schofield da Ann Ashworth sun nuna cewa daga shekarun 1950 zuwa 1990 yawan yaran da ke mutuwa a asibiti saboda tamowa mai tsanani bai sauya ba, tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100, kuma sun ɗora laifin a kan tsofaffin hanyoyin jinya da ba su dace ba.

A 2004 mujallar Lancet ta wallafa abin da ya faru a wasu asibitocin karkara biyu na Afirka ta Kudu bayan an horar da ma'aikata a kan ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya. A asibitin Mary Theresa mace-mace sun sauka daga kashi 46 zuwa 21. A na Sipetu sun sauka daga 25 zuwa 18, sannan suka haura zuwa 38 a shekarar da aka turo sababbin likitocin da ba a horar da su a kan tamowa ba. Gini bai canza ba, madara ba ta canza ba, mutanen da ke kan aiki ne suka canza.

Wannan ne ya kamata ya dami duk mai bibiyar lamarin a Nijar. Hukumar Lafiya ta Duniya na ganin ana bukatar aƙalla likitoci da ma'aikatan jinya da ungozoma 4.45 ga kowane mutum dubu, Nijar kuwa ba ta kai ko guda ba, kuma da yawa daga cikinsu a Yamai da manyan birane suke. Sassan CRENI sun daɗe suna dogaro da 'yan kwantaragi da ƙarin ma'aikatan da ƙungiyoyin agaji ke ɗauka a watannin cunkoso. Duk sanda kuɗin wani shiri ya ƙare, ko aka yi wa ƙwararre canjin wurin aiki, ƙwarewar shekaru ce ke fita ta ƙofa. Tsarin kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta da gwamnati ta kafa a 2006 ya buɗe wa talaka ƙofar asibiti, amma jinkirin biyan asibitocin kuɗinsu ya sha barin su cikin ƙarancin kayan aiki.

A irin wannan yanayi uwa ce ke cike giɓin. Ita ke riƙe kofi, ita ke fara jin jikin yaron ya yi sanyi. Sai dai ta baro wasu yaran a ƙauye, ga noma, ga miji yana aiko a dawo. Da yaro ya ɗan buɗe ido ya fara wasa, wasu kan tattara kaya su tafi kafin sallama, a daidai lokacin da ake sauya masa madara, lokacin da ke bukatar sa ido sosai. Ma'aikacin da ya zauna ya yi wa uwa bayani da Hausa dalla-dalla, ya fi wanda ya daka mata tsawa samun ta zauna.

Gwajin Gidan Amumun

Hanya mafi sauƙi ta rage cunkoso ita ce kada yaro ya kai ga bukatar gado. A Mayahi aka gwada hakan. Wani bincike da aka wallafa a 2021 a mujallar Nutrients ya kwatanta ƙananan hukumomi biyu na gundumar, Gidan Amumun da Mairairai, da yara 2,789 masu tamowa mai tsanani wadda ba ta haɗu da wata cuta ba. A Mairairai sai uwa ta je CSI ake ba da magani. A Gidan Amumun an horar da jami'an ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauyuka su ma su riƙa yi. Kashi 77 cikin 100 na yaran Gidan Amumun sun warke, na Mairairai kashi 72, kuma yayin da yawan yaran da magani ke kaiwa gare su ya ragu a Mairairai, a Gidan Amumun ya ɗan ƙaru.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san yashin arewacin Mayahi da tafiyar amalanke a damina. Uwar da maganin ke ƙauyensu ba ta jira sai yaro ya daina cin abinci kafin ta fito. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan hanya cikin sabuwar ƙa'idarta, da sharaɗin a horar da jami'an na ƙauye, a riƙa bibiyar aikinsu, kuma su san alamomin da ke nuna dole a tura yaro asibitin gunduma ba tare da ɓata lokaci ba.