Kafasita: Dalilin da Ke Sa Fanka Gurnani Ba Ta Juyawa

Idan bazara ta kankama a Gwaram, ba a rasa gidan da fankarsa ta sama take gurnani amma ta ƙi juyawa, sai an tura fiffikenta da sanda. Galibi akan yanke hukuncin cewa nadin wayar ciki ne ya ƙone, har a tashi kai ta Birnin Kudu wajen mai nadi. Sau da yawa kuwa laifin na wani ɗan ƙaramin abu ne mai suna kafasita, wanda farashinsa bai kai na sabon nadi ba.

Kafasita faranti biyu ne na ƙarfe sirara, da leda a tsakaninsu wadda ba ta barin lantarki ya ratsa, aka naɗe su kamar tabarma. Aikinsa tara caji da sakinsa. Ɗaliban nazarin halittu sun san irinsa, domin fatar da ke kewaye da ƙwayar halitta ita ma tana raba caji, kimanin mikrofarad 1 a kowane murabba'in santimita.

Wutar gida a Nijeriya tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa guda. Da nadi ɗaya ne kaɗai a fanka, da maganaɗisunsa zai riƙa bugawa a wuri guda. Saboda haka ake sa nadi na biyu, kafasita kuma ya sa wutarsa ta saɓa lokaci da ta na farko; wannan saɓanin ne ke juya maganaɗisu, fiffike ya bi. In kafasita ya mutu, sai gurnani, kuma barin fanka a haka shi ne ainihin abin da ke ƙona nadin.

Kumburi, yoyon mai ko ƙauri alamu ne, amma wani kan mutu da kyakkyawar fuska, sai na'urar awo ta tona shi.

Kafin a taɓa shi a kashe wuta daga babban makunni, sannan a haɗa bakinsa biyu da sukuddireba mai mariƙin roba, don yakan riƙe caji bayan an kashe. Na tsohuwar talabijin da na tandun makirowef na iya kisa; a bar wa ƙwararre. A karanta lambobin da ke jikinsa: na fankar sama yawanci mikrofarad 2.5 ne, bolt 400 ko 450. Mikrofarad ya zama daidai da na tsohon. Bolt na iya fi, amma kada ya gaza. Wasu masu gyara kan sa mai mikrofarad da yawa don fanka ta yi gudu, dabarar da ke dafa nadi a hankali. Kafasitan rediyo mai alamar ƙari da ragi kuwa fashewa yake yi idan aka sa shi a fanka.