Ƙaiƙayin fata a jikin karnuka

Ƙaiƙayin fata na daga cikin matsalolin da aka fi kai karnuka wurin likitan dabbobi a kansu. Karen da ke fama da shi yakan yini yana susa, yana lasar ƙafafunsa ko cizonsu, yana goga fuskarsa a ƙasa, har gashi ya zube, fata ta yi ja ko ta yi kauri ta yi baƙi. Ƙaiƙayin alama ce kawai ta wata cuta da ke ƙarƙashi, shi ya sa maganin da ya kwantar da shi na 'yan kwanaki ba ya hana shi dawowa.

Dalilai

Abu na farko da ake zargi shi ne ƙwari: ƙuma, kaska, da ƙananan ƙwarin da ke haddasa ƙazuwa. Wasu karnuka jikinsu ba ya jituwa da yawun ƙuma, cizo kaɗan ya ishe su su yi ta susa, musamman a gadon baya da gindin wutsiya. Rashin ganin ƙuma a jikin kare ba hujja ba ce, domin ƙwai da tsutsotsinta suna ɓoye ne a shimfiɗarsa da ƙasan inda yake kwana. Ƙazuwar da ƙwaron Sarcoptes scabiei ke jawowa kuwa tana iya kama mutanen gida, ta sa musu ƙuraje masu ƙaiƙayi na ɗan lokaci.

Na biyu shi ne alajin da ake gada, inda garkuwar jikin kare ke yin bore ga abubuwan da ke cikin muhalli, kamar ƙwarin da ke cikin ƙurar ɗaki, garin furanni da funfuna. Yawanci yana bayyana tsakanin wata 6 zuwa shekara 3 da haihuwa, kuma ya fi taɓa tafin ƙafa, kunnuwa, fuska, hammata da ciki. An fi ganinsa a jinsuna irin su Labrador, Golden Retriever, Boxer da West Highland White Terrier. Farin karen da ya daɗe yana lasa, gashin ƙafarsa kan rine ya koma ja-ja saboda yawu.

Alajin abinci bai kai waɗannan yawa ba, duk da cewa shi masu karnuka suka fi saurin zargi. Naman shanu, madara, kaza da alkama ne kan gaba.

Ganowa

Babu gwaji guda da ke tabbatar da alajin muhalli. Likita yakan fara da kawar da sauran dalilai: ya kankaro fata ya duba a madubin likita, ya ba da maganin ƙuma, ya kuma magance ƙwayoyin cutar da suka samu shiga ta wurin susa, irin su Staphylococcus da Malassezia, waɗanda ke ƙara ƙaiƙayi da wari. Idan ana zargin abinci, ana ɗora kare a kan abinci iri ɗaya da bai taɓa ci ba na aƙalla mako 8, sannan a mayar masa da tsohon a ga ko ƙaiƙayin zai tashi. Ɗan guntun nama daga hannun yara ya isa ya ɓata gwajin duka.

Magani

Ƙazuwa da ƙuma suna warkewa idan aka yi wa duk dabbobin gidan magani tare, aka kuma tsabtace makwancinsu. Alajin gado kuwa ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi tsawon rayuwar karen. Prednisolone yana aiki da sauri, amma daɗewa a kansa na jawo yawan ƙishirwa da fitsari da raunin garkuwar jiki. A shekarar 2013 Amurka ta amince da ƙwayar oclacitinib, wadda ake sayarwa da sunan Apoquel, daga baya aka samu allurar lokivetmab da ke tare sinadarin da ke isar da saƙon ƙaiƙayi, ana yin ta kusan kowane wata. Dukansu biyu suna da tsada. Wanka da sabulun magani yana taimakawa. Shafa wa kare baƙin man mota, kamar yadda wasu ke yi idan sun ga ƙazuwa, yana ƙona fata, kuma guba ne idan ya lasa.