Takardar Neman Aikin Koyar da Turanci ga Baƙin Harshe

Takardar tarihin karatu da aiki, wadda aka fi sani da CV, ita ce ke isa gaban mai ɗaukar ma'aikata tun kafin mai ita ya buɗe baki, kuma a fagen koyar da Turanci nauyinta ya ninka, domin ita kanta samfuri ce ta harshen da malamin ke iƙirarin zai koyar. Kuskuren nahawu ɗaya ya isa a jefa ta cikin kwandon shara, komai yawan shaidun da ke cikinta.

Abin da makarantun harshe ke fara dubawa shi ne shaidar ƙwarewa a kan koyarwa, wadda ta bambanta da digirin Turanci ko na adabi. Fitattun shaidun su ne CELTA ta Jami'ar Kambirij da CertTESOL ta Kwalejin Trinity da ke Landan, kuma darajarsu ta samo asali ne daga sa'o'i 6 na koyar da ɗalibai na haƙiƙa a gaban mai sa ido, wanda galibin kwasa-kwasan intanet masu araha ba su da shi. Saboda haka wajibi ne a bayyana sunan cibiyar da ta bayar da shaidar, da adadin sa'o'in kwas ɗin, da na gwajin koyarwar.

A sashen gogewa ne yawancin takardu ke faɗuwa, domin cewa mutum ya yi shekara 5 yana koyarwa ba ta nuna komai. Abin da ake bukata shi ne shekarun ɗaliban, da yawansu a aji, da jarrabawar da aka shirya su dominta, kamar IELTS ko TOEFL, da kuma matakinsu bisa ma'aunin Majalisar Turai na 2001, wanda ya kasa iya harshe gida 6, daga A1 na mafari zuwa C2 na gwani. Malamin da ya koyar a Maraɗi ko Njamena, inda Turanci baƙon harshe ne, ya kamata ya fito da hakan fili, domin ita ce ainihin gogewar da ake nema.

Ƙa'idoji kuma sun sha bamban daga ƙasa zuwa ƙasa. A Birtaniya da Amurka ba a saba liƙa hoto ba, alhali makarantun gabashin Asiya da dama suna nemansa, sannan shirin EPIK na ɗaukar malaman Turanci a Koriya ta Kudu ya fi karkata ga 'yan wasu ƙasashe 7, waɗanda Afirka ta Kudu ce kaɗai daga nahiyar Afirka a cikinsu. Don haka, mai nema ya karanta sharuɗɗan biza kafin ya aika, ya taƙaita takardarsa a shafi 2, ya kuma ba wani masani ya duba masa ita.