Faɗan Fim Daban, Na Fagen Dambe Daban

Idan ɗanka ya dawo daga gidan kallo a Gazara ko Maƙarfi yana tsalle yana kai wa ƙaninsa ƙafa, wai shi Jet Li, ka zaunar da shi. Tashi saman nan da ya gani, yawanci igiya ce aka ɗaura wa jarumin a ƙugu, daga baya a goge ta da kwamfuta. Ƙarar naushin ma wajen tace fim ake sa ta, sau da yawa hannu bai ko taɓa fuska ba.

Ba wai 'yan wasan ba su iya ba ne. Bruce Lee ya koyi Wing Chun a hannun Ip Man tun kafin fim ɗinsa Enter the Dragon na 1973. Amma Jackie Chan, duk ƙwarewarsa, ya faɗo daga bishiya wajen ɗaukar Armour of God har ƙoƙon kansa ya tsage. To ina ga ɗanka a kan daɓen siminti?

In an yi kaka, ka kai shi fagen dambe ya gani. Turmi uku ne. Hannu ɗaya naɗe da kara, ɗayan na kariya. Sai a daɗe ana zagaye ana auna juna, kalangu na tashi, kafin naushin kirki ya shiga. Da gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an yi kisa, wasa ya ƙare. Ko Shago, da duk kirarin da Ɗan Anace ya yi masa, mutum ɗaya yake karawa da shi a fage, ba ashirin masu bin layi ɗaya bayan ɗaya ba.