Rawar ƙudan zuma: yadda suke yi wa juna kwatance a cikin duhu

Yau zan yi magana ne a kan ƙudan zuma, amma ba a kan zumar da muke sha ba. Tambayar ita ce: idan ɗaya daga cikinsu ta gano bishiyar mangwaro ta yi fure a nesa, ta yaya take sanar da sauran inda bishiyar take? Ba ta da baki irin namu, ba ta da yatsan nuni, kuma cikin amya duhu ne. Amsar ita ce rawa take yi. E, rawa.

Za ku ji ina cewa "ta", saboda duk masu fita neman abincin nan mata ne. Mazan ba sa wannan aiki.

Mutumin da ya warware wannan sirri sunansa Karl von Frisch, ɗan ƙasar Ostiriya. Ya shafe shekaru yana sa wa ƙudan zuma ɗigon fenti a baya, yana ajiye musu ruwan sukari a wurare daban-daban, yana kallon abin da suke yi idan sun koma gida ta cikin amya mai bangon gilashi. Wannan aiki ne ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1973, tare da Konrad Lorenz da Nikolaas Tinbergen.

Ga yadda abin yake. Idan abincin yana kusa, misali bai wuce mita 50 ba, mai kawo labarin za ta riƙa zagaye a kan saƙar zuma, ta juya dama ta juya hagu. Saƙon shi ne: ku fita, abin yana nan bakin gida, ku bi ƙamshin da kuka ji a jikina. Idan kuwa da nisa, sai rawar ta sauya. Za ta miƙe a layi ɗaya tana kaɗa bayanta da sauri, kusan sau 13 a daƙiƙa guda, sai ta kewayo ta dama ta dawo farkon layin, ta sake miƙewa, ta kewayo ta hagu. Idan ka zana sawunta zai yi kama da lamba 8. Duk labarin yana cikin layin tsakiyar nan.

Na farko, wane ɓangare za a nufa? Saƙar zuma a tsaye take kamar bango, to sai suka mayar da sama a matsayin inda rana take. Bari mu kawo misalin gida. A ce akwai amya a kan wata bishiya a Kawo, da safe ne, rana tana gabas. Idan furen yana gabas, mai rawa za ta miƙe sama sak. Idan yana yamma, wajen Mando, za ta yi ƙasa, wato ku ba wa rana baya. Idan kuma yana kudu, wajen Unguwar Kanawa, za ta yi layinta a kwance zuwa dama, domin wanda ya fuskanci gabas kudu tana hannun damarsa. Kuma da yake rana tafiya take yi, idan rawar ta daɗe, sai ta riƙa karkata layin a hankali don ya dace da inda ranar ta koma, alhali tana ciki ba ta ganin ta.

Na biyu, nisan nawa ne? Wannan yana cikin daɗewar kaɗa bayan. Kaɗawar daƙiƙa ɗaya tana nufin wajen kilomita ɗaya, ko da yake lissafin yana ɗan bambanta daga wuri zuwa wuri. Kuma ba da gajiya take auna nisa ba, da ido take aunawa, gwargwadon yadda abubuwa suka wuce ta gefenta tana tashi. An gwada wannan: aka sa su bi ta cikin siririn bututu mai zane a bango, tafiyar 'yan mitoci kawai, amma da suka dawo sai suka yi rawar wuri mai nisa sosai.

Na uku, abincin yana da kyau? Idan ruwan furen yana da zaƙi kuma da yawa, za ta maimaita rawar sau da yawa da kuzari. Idan kame-kame ne, ta yi kaɗan ta bari. Da haka mafi yawan ma'aikata suke karkata zuwa wuri mafi albarka, ba tare da sarauniya ta ba kowa umarni ba.

Ba kowa ne ya yarda da von Frisch nan take ba. Wani masani a Amurka, Adrian Wenner, ya dage cewa ƙamshi kawai suke bi. An yi shekaru ana wannan jayayya. A 2005 wasu masu bincike daga Ingila suka liƙa wa ƙudan wata 'yar na'ura, suka bi tafiyarsu da rada. Waɗanda suka kalli rawar sun nufi inda aka kwatanta musu kai tsaye, sai da suka isa kusa suka koma nema da ido da ƙamshi. Wato kowanne yana da aikinsa, rawa ta kai ka unguwa, ƙamshi ya nuna maka gidan.

Yanzu ga wani abu da ya shafe mu a nan Kaduna wanda bai shafi Turai ba. Mu muna kusa da tsakiyar duniya, don haka sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, rana takan tsaya daidai tsakar kanmu da tsakar rana, har inuwa ta koma ƙarƙashin ƙafa. A wannan ɗan lokaci ranar ba ta nuna gabas ko yamma. Martin Lindauer, ɗalibin von Frisch, ya lura da haka a Sri Lanka: idan rana ta zo tsakar ka, rawar takan rikice ko a dakata da ita, sai ta ɗan gota sannan a ci gaba.

To me ya sa wannan ya dame mu? Saboda wani bincike da aka buga a 2023, na masana daga Sin da Amurka, ya nuna cewa ƙananan suna gyara rawarsu ne ta hanyar kallon manya. Waɗanda suka taso babu manya sun yi ta kuskure. Kuskuren ɓangare sun gyara shi daga baya, amma na nisa ya bi su har mutuwa. An kuma gano cewa maganin ƙwari irin imidacloprid yana rage musu yin rawar ko da bai kashe su ba.

Don haka mai lambu a bakin kogi ko manomin wake, idan ya yi feshi da hantsi lokacin da fure yake buɗe, masu kawo labarin yake kashewa, kuma suna taimakawa wajen kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan don amfanin gonarsa ya yi 'ya'ya. Idan feshin ya zama dole, a bari sai yamma liƙis bayan sun koma gida. Mai cire zuma kuma ya yi amfani da hayaƙi, kada ya cinna wa amya wuta. Sannan ɗorawa da kaɗanya da ake sarewa don gawayi, su ne suke fure da rani lokacin da ciyawa ta bushe. Duk bishiyar da ta faɗi, tafiya ta ƙaru musu.

A nan zan dakata. Wanda yake da amya a gida ko a gona, ya faɗa mana wace bishiya ƙudansa suka fi tafiya a wannan wata. Sai mun haɗu a shiri na gaba, idan Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.