Eturuskawa: manyan gidajen da ba su yar da sunan uwa ba

In aka ce Italiya, hankalinmu kan tafi birnin Rum. Amma tun kamin Rum ta yi ƙarfi, akwai Eturuskawa a tsakiyar ƙasar, masu birane irin su Tarkiniya da Cerbeteri. Gidaje ƙalilan ne ke riƙe da gonaki, da ƙarfen tsibirin Elba, da fataucin teku da Girkawa.

Wajen ƙarni na 7 kamin haihuwar Annabi Isa (AS) suka soma haɗa sunan mutum da na zuri'arsa. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne, a kaburbura da dama ana rubuta sunan uba, a ƙara da na gidan uwa. Ba don ado ba ne: aure ke ƙulla gida da gida, dangin uwa kuwa jari ne. Mace na da sunanta na kanta, kamar Ramta, saɓanin matan Rum da ake kira da sunan gidan ubansu kawai. A 1836 aka tono kabarin wata mata a Cerbeteri, cike da zinariya. Girkawa ma sun sha yin tsegumi, wai matar Eturuska na zaman liyafa kusa da mijinta!

Sai dai arzikin bai sauko ƙasa ba. A birnin Bolsini ƴantattun bayi suka karɓe mulki, manyan gidaje suka kai kuka Rum. A shekara ta 264 kamin haihuwar Annabi Isa Rumawa suka rushe birnin, suka maida mutanensa wani wuri.